Facin da Ke Wuyan Babur ɗin Malam Ilu

Ƙofa, ƙasar Bebeji.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba sai gwaggonki da za ki zauna a gidanta. Na sa mahaifiyarki ta cusa wannan takarda a can ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin daddawa, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin kwana biyu kin huta. In kin ji tana wari ki yi haƙuri, wurin ɓuyan ne ya zo da haka.

Ummi, ranar da takardar ɗaukarki aiki ta iso, kasa riƙe kaina na yi. Tun kafin azahar na rufe shago, na bi gari ina gaya wa duk wanda na gamu da shi, har waɗanda ba su tambaye ni ba. 'Yar Sa'idu mai walda na bakin tasha, ita ce za ta riƙa duba waldar firam, wato ƙarfen gangar jikin babur, a kamfanin haɗa babura a Ikko! Ba za a fesa wa firam fenti ba sai ta duba ta ce ya yi. Kai, alhamdu lillahi! Mahaifiyarki ta ce ina ta cika baki sai ka ce ni aka ɗauka. To ni aka ɗauka mana. Wa ya koya miki riƙe guduma?

Labarin gida ba zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Labarin wautata zan ba ki. Kin taso kin tarar ana ɗauko tsofaffin babura daga Kano da Zariya a kawo min, in cire tanki, in duba, in ce wannan tabon gyaran kamfani ne tun asali, wancan kuwa haɗari aka yi aka ɓoye. Kin ga yadda masu tara irin waɗannan babura suke tsayawa shiru suna jiran abin da zai fito daga bakina. Abin da ba ki sani ba shi ne inda na samo wannan idon. Mutuncin wani dattijo na taka kafin in same shi, kuma saura ƙiris in kasa mayar masa da abinsa.

Kina goye lokacin. Akwai wani dattijo a Ba'awa, ƙasar Kiru, ana ce masa Malam Ilu, Allah Ya jiƙansa. Manomin dawa da masara ne, ba mai kuɗi ba, ba mai sarauta ba. Abin da yake da shi magana ɗaya ce. In rigimar iyakar gona ta tashi, ko rabon gado ya cije, shi ake kira. Ya je ya tsaya ya ce, "Nan ne, ina wurin aka shuka gambar," shi ke nan an gama, kowa ya kama gabansa. Yana da wani baƙin babur irin na da, mai nauyin tsiya, wanda ya saya sabo yana saurayi, a gaban idonsa aka fasa akwatinsa a Kano. Da gwiwa ta fara ba shi matsala, buga kik ya gagare shi, sai ya sa shi a kasuwa. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Sabo, ya nuna yana so.

Kin san yadda ake cinikin tsohon babur a wajenmu. Mai saye ya zo da makanikensa, mai sayarwa ya tsaya gaban mutane ya faɗi duk abin da ya taɓa samun babur ɗin, sannan a duba. Ni Alhaji Sabo ya ɗauka, ranar kasuwar Kiru. Malam Ilu ya dafa sirdi ya ce, "Wannan babur, tun da aka fasa akwatinsa bai taɓa faɗuwa da ni ba, wutar walda kuma ba ta taɓa shi ba." Mutane suka gyaɗa kai. Ni kuwa na kwance tanki na ajiye gefe. A wuyan firam, daidai ƙasa da inda kan babur yake juyawa, sai ga facin ƙarfe mai faɗin yatsa uku, an zagaye shi da walda.

Don ki gane abin da ya shiga kaina, ki tuna yadda muke wa babur a ƙasar nan. Buhun masara biyu a baya, ɗaya a kan tanki, maigida a tsakiya, a bi hanyar gona da damina. Wane firam ne zai jure? Tun da na fara sana'a ban taɓa ganin walda a wuyan babur ba sai wadda ɗayanmu ya yi bayan ya karye. Kuma a lokacin na yi imani kamfani ba ya faci, abin da ya fito daga akwati cikakke ne. Saboda haka ko tsumma ban sa na goge wurin ba. Na ɗago na yi dariya na ce, "Malam, wannan fa? Ko aljanu ne suka yi maka da dare?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta yi min daɗi, sai na ƙara. Na ce, "Jama'a, baki yana faɗin abin da ya ga dama, amma ni ƙarfe nake saurara." Malam Ilu ya sunkuya ya dubi facin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi ban san da shi ba." Wani daga baya ya ce, "Ga rantsuwa kuma!" Aka sake fashewa. Alhaji Sabo ya kaɗe rigarsa ya tafi, ni kuma na ɗaura tanki ina jin kaina wani gwani.

Wannan ita ce wautata ta farko. Ummi, duk ranar da mutane suka zagaye ki suna jiran hukuncinki, ki ji tsoron harshenki, don so yake ya burge su. Ki ce, "Zan duba," ki ja firam ɗin gefe. In kuma kin ga aibi, ki faɗi aibin ƙarfen ki tsaya nan. Kada ki tsallaka zuwa ga mutumin da ya yi aikin, ba a ɗauke ki duba zuciyar kowa ba.

Bayan kamar mako biyu sai ga shi a shagona. Wani ya buga masa kik ɗin a Ba'awa, ya tuƙo har Ƙofa, ya bar injin yana aiki don kada ya mutu ya rasa mai tayar masa. Ya yi sallama, ya zauna a bencin nan namu, ya jira na gama ɗaure wata garma. Sannan ya ce, "Sa'idu, don Allah ka sake dubawa." Na ce, "Malam, na riga na duba." Ya ce, "An yi rigimar gona jiya a unguwarmu, ba a kira ni ba." Ni kuwa, Allah Ya yafe min, ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Ai ba ni na hana a kira ka ba." Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ce, "To, Allah Ya bayyana gaskiya," ya hau ya tafi. Kwance tankin nan ba zai ci min lokacin shan fura ba. Girman kai ne kawai, ina tsoron in duba in ga wani abu daban, wauta ta biyu ke nan.

Duk wanda ya ce miki ki sake dubawa, ki sake dubawa, ko mai shara ne a kamfanin. In kina da gaskiya ba ki rasa komai ba. In kuma ba ki da ita, gara ki gani da idonki tun abin yana hannunki.

Damina uku suka wuce. Malam Ilu ya fasa sayar da babur ɗin, ya jingine shi a zaure. Na riƙa jin labari sama-sama cewa ya daina zama a dandali, daga masallaci sai gida. Na toshe kunnena.

Ran nan wani makiyayi daga gefen dajin Falgore, sunansa Buba, ya turo min babur irin wancan sak, kariyarsa, ƙarfen ɗora kaya na baya, ta karye da ɗaukar jarkokin nono. Mahaifinsa ne ya saya tun da daɗewa. Na cire tanki don kada wuta ta kama, sai idona ya faɗa kan wuyan firam. Faci. Wuri ɗaya, faɗi ɗaya, har ɗan yankan da aka yi wa kusurwarsa ta hagu iri ɗaya da na Malam Ilu. Na ce, "Buba, wa ya yi muku wannan waldar?" Ya leƙa ya ce, "Aradu babu wanda ya yi. Kai ne na farko da ka taɓa cire wannan tankin." Tsakanin Ba'awa da Falgore akwai tafiya. Wane mai walda ne zai yanka faci biyu kamar an haife su tare?

To ga wauta ta uku, kuma ita ta fi ba ni haushi don ta cikin sana'a ce. Zumuɗi ya ɗebe ni, na jawo injin gurza na bi wurin nan har ƙarfe ya yi fari fat, wai ina so in ga waldar sosai. Na gan ta kuwa, jere reras kamar kitson da gwana ta yi. Sai da na kashe injin na tsaya ina kallon ƙurar fenti a ƙasa, sannan na gane abin da na aikata. Kyawun walda ba hujja ba ne, a Kano ma akwai masu hannu. Hujjar tana cikin fentin, shi zai nuna ko waldar ta riga shi ko shi ya riga ta, ni kuwa na mayar da shi gari. Na zauna a ƙasa na dafe kai. Buba ya zaci rashin lafiya ce, har yana cewa a kawo min ruwa.

Ki riƙe wannan da kyau. Tsumma da kananzir tukuna. Bayan su reza, a hankali, wuri kaɗan. Injin gurza shi ne na ƙarshe, kuma yawanci ba a ma kaiwa gare shi. Kada ki tsabtace abu kafin ki karanta dattin da ke kansa.

Daga ranar na zama kamar mahaukaci. Duk inda na ji akwai irin wannan babur sai na je. Na je Doguwa sau biyu, na tarar ɗaya an sare shi an yi amalanke, ɗayan kuma ba irinsa ba ne. Sai bayan girbi na samu labarin wani tsohon malamin gona a Tudun Wada da ya ajiye nasa a ɗakin hatsi, inji ya mutu tuntuni, kaji suna ƙwai a kan sirdi. Ya ce in ɗauki firam ɗin in yi nazari in dawo masa da shi. Na kawo shi shago, na rufe ƙofa, na zauna da tsumma da reza.

Ummi, ranar na yi karatun da ba a koya min ba. Kin san mutanenmu da shafa wa babur fenti da burushi duk Sallah. Na ɗaga kore, na ɗaga shuɗi, na ɗaga wani ruwan ƙasa. Ƙarƙashinsu sai ga baƙin kamfani, mai tauri da santsi kamar na kwanon sha. Ƙarƙashin baƙin kuma akwai wani jan fenti siriri, wanda ake fara sa wa ƙarfe don tsatsa. Na bi jan nan da bakin reza. Ya taso daga bututun firam, ya hau kan waldar, ya bi kowane tudu da kwarinta, ya sauka kan facin, bai yanke ko'ina ba. Ashe an yi waldar tun firam yana tsirara, kafin ya ga fenti ko ɗigo. Mu kuwa a kan fenti muke walda, dole wuta ta ƙone zagayen wurin kamar yatsa biyu, kuma nan tsatsa take fara ci ko an shafe da sabon fenti. Na duba 'yan ƙwayoyin tartsatsin walda, na ga su ma a lulluɓe suke da jan. 'Yar ƙugiyar da ke riƙe waya a gefen facin ba ta ji wuta ba. Na kifa firam ɗin na shafa ƙasan wuyan, inda bututu yake tattarewa in babur ya yi karo, na ji shi sumul. Na ɗaura zare daga gaba zuwa baya, ya miƙe sambal.

Sai abu na ƙarshe. A gefen facin, kan baƙin kamfani, akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa, bai fi ƙwayar gero uku ba, da wani ɗan hatimi da aka buga da ƙarfe. Na daɗe ina kallonsa. Wani mutum ne a wata ƙasa, mai irin aikin da aka ɗauke ki yanzu, ya ga wuyan nan yana buƙatar ƙari, ya sa aka ƙara, ya duba, ya sa alamarsa. Dalilinsu ban sani ba, zatona dai firam ɗin wannan zubin ne aka ga wuyansu bai yi ƙwari ba. Na tashi na yi ta zagaye shago ni kaɗai ina cewa, "Na gano! Wallahi na gano!"

Za ki zaci washegari na tafi Ba'awa. Ina! Shekara biyu na yi ban je ba. Na riƙa amfani da ilimin, suna ya fara fita, ana cewa Sa'idu na Ƙofa yana karanta firam. In aiki ya kai ni Kiru sai in zagaye ta wata hanya. Kullum ina ce wa kaina sai bayan shuka, sai bayan girbi, sai bayan Sallah. Gaskiyar ita ce sunan da nake samu yana min daɗi, kuma na san ranar da na buɗe baki, sai an tuna wanda ya yi dariya a kasuwa.

Mahaifiyarki ce ta tashe ni. Ta dawo daga suna a Ba'awa, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina. Ta ce wani maƙwabcin Malam Ilu ya rasu ya bar marayu, ƙanin mamacin ya ci iyakar gonarsu, kuma duk duniya Malam Ilu kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga an shata iyakar. Ƙanin mamacin ya ce a gaban mai unguwa ba zai karɓi shaidar wanda aka kama da rantsuwar ƙarya a kasuwa ba. An sa zama ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar. Ta ce, "Maigida, kai ka ɗaure bawan Allahn nan, kai za ka kwance shi. Shekara biyu kana gaya min a ɗaki cewa yana da gaskiya. In ba za ka je ba, wallahi ni zan je in tsaya a kasuwar in faɗa." Kin san uwarki, da ta je ɗin.

Ranar da kika gane kin yi kuskure, ranar za ki faɗa. In kin sa hannu a kan firam, daga baya kika tuna akwai inda ba ki duba ba, ki tashi ki je wurin manaja kafin ki ci abinci. Kunyar ranar farko ƙarama ce, ni na bar tawa ta yi shekara biyu tana girma, wani kuma yana biya.

Na tafi Ba'awa da safe. Na same shi a zaure, ya rame, gemu ya yi fari tas, babur ɗin yana jingine an rufe shi da buhu. Ya karɓe ni kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya sa aka kawo fura. Na durƙusa na faɗi komai, na roƙi gafara. A raina ina ganin na sauke nauyi ke nan, mu rabu a zaure ba wanda ya ji. Wannan ma wauta ce, kuma shi ya gyara min ita. Ya ce, "Na yafe maka tun ranar, Sa'idu. Amma ni kake gaya wa, ni kuwa na riga na sani. Waɗanda ba su sani ba suna kasuwa."

Na ce to, za mu je kasuwa. Amma ya bari in kankare nasa a nan tukuna, mu tabbata. Don ki sani, har lokacin ban taɓa sa reza a babur ɗinsa ba. Idan wani ya taɓa ara ya karya ya gyara a ɓoye fa? Sai in tara jama'a in kunyata shi karo na biyu, marayu kuma su rasa gona. Ya girgiza kai ya ce, "In ka taɓa shi a nan, za a ce mun haɗa baki. A gabansu za ka kankare." Na ce, "Malam, in aka samu akasi fa?" Ya ce, "Kai ne mai shakka, ɗana. Ni na san abin da na hau."

Ranar kasuwa da hantsi na iso da a-kori-kura, na ɗoro babur ɗin Malam Ilu da shi kansa a gaba, da firam ɗin malamin gona da na sake arowa. Buba ma na aika masa, ya taho tun daga Falgore a kan nasa. Na jera su uku a daidai wurin da na yi dariya. Mai unguwar Ba'awa ya zo, Alhaji Sabo ya baro rumfarsa, ƙanin mamacin nan yana tsaye a gefe ya harɗe hannu. Na hau kan benci na ɗaga murya na ce, "Jama'a, shekara biyar da wani abu, a nan wurin na ce dattijon nan ya yi ƙarya. Yau na zo a duba ni da shi wa ya yi ta."

Na fara nuna musu facin guda uku, wuri ɗaya, yanka ɗaya. Na nuna jan fentin a firam ɗin Tudun Wada. Wani makanike daga cikin taron ya ce, "To mu ga waldar gida mana, mu gwada." Na jawo babur ɗin wani mai kayan miya da ke kusa, na goge inda aka taɓa ɗaure masa kariya. Ga ƙuna ta zagaye, ga tsatsa, ga walda dunƙule kamar gidan zanzaro. Alhaji Sabo ya ce, "Tabɗi! Wane ne ya yi wannan mummunan aiki?" Mai kayan miya ya nuna ni ya ce, "Ga shi nan a kan benci." Kasuwa ta ɗauki dariya, ni ma na yi, wannan karon a kaina ake yi kuma na cancanta.

Sannan na durƙusa gaban baƙin babur. Na cire tanki. Na jiƙa tsumma da kananzir na goge. Wurin ya yi tsit, har kukan awaki daga can kara ana ji. Shi Malam Ilu bai cika shafa fenti ba, shafi ɗaya na ɗaga sai ga baƙin kamfani. Na ce bismillahi, na kwantar da reza, na ja kaɗan. Ja ya fito. Na bi shi a hankali daga bututu, ya hau waldar, ya tsallaka, ya sauka kan faci, ko tsinkewa babu. Na goge gefe da yatsa, ɗigon ruwan ɗorawa ya bayyana da ɗan hatiminsa.

Ummi, ban san lokacin da na yi kabbara ba. Na kamo hannun Alhaji Sabo na ɗora yatsansa a wurin, na kamo na mai unguwa, na ce duk mai ido ya zo ya gani. Aka yi ta turereniya. Na sake hawa benci, hawaye yana zubo min ban damu ba, na ce, "Wutar walda ba ta taɓa babur ɗin nan ba tun da ya fito daga akwati! Malam Ilu gaskiya ya faɗa, rantsuwarsa gaskiya ce. Jahilin da ya yi ƙarya ni ne, Sa'idu!" Alhaji Sabo ya cire hularsa ya durƙusa gaban tsohon. Wanda ya ce "ga rantsuwa kuma" a wancan karon, ashe yana cikin taron, ya matso yana ba da haƙuri. Ƙanin mamacin ya sauke hannunsa ya sunkuyar da kai. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗin da na ji a kan bencin nan ba, alhali kaina nake tona wa asiri.

Shi kuwa Malam Ilu yana zaune a kan buhun dawa har hayaniya ta lafa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka gama? To mayar min da tankina, ka buga min kik. Ana jirana a Ba'awa, akwai shaidar da zan bayar."

Na ɗaura, na zuba mai, na buga. Sai a bugu na bakwai ya tashi, kasuwa ta sa ihu. Ya hau ya tafi a hankali, mai unguwa yana biye da shi. Da la'asar ya tsaya a gonar ya ce nan ne, ba wanda ya yi musu. Marayun nan har yau su suke noma ta.

To ga abin da ya sa na rubuta duk wannan. A kamfaninku za a samu firam da ya fito da aibi, a ce a gyara kafin fenti. Ba abin kunya ba ne. Amma wata rana wani zai ce miki a goge wurin sumul, kada a sa alama, don kada mai saye ya ga an taɓa. Kada ki yarda, Ummi. Ki sa a yi gyaran da kyau, ki duba da idonki, ki buga hatiminki a gefensa inda mai nema zai samu. Babur ɗin nan zai bar hannunki ya shiga ƙauyen da ba ki taɓa jin sunansa ba, ya yi shekara arba'in yana ɗaukar masara. Wata rana wani mai walda mai saurin baki zai cire tanki a tsakiyar kasuwa, wani dattijo kuma yana tsaye ya riga ya rantse. Ranar ba ki nan, ba ni nan, alamarki ce kaɗai za ta tsaya masa.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki sa tabaran walda ko leƙawa kawai za ki yi, kada ki yi irin taurin kaina. Ki gaishe da gwaggonki da mutanen gidanta, ki yi mata biyayya kamar yadda kike wa uwarki. Allah Ya tsare min ke daga sharrin ƙarfe da wuta da na mutum, Ya ba ki ido mai gani da harshe mai jinkiri, Ya sa albarka a hannunki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya jiƙan Malam Ilu, Ya sa ya huta. Amin.

Ni ne mahaifinki mai alfahari da ke,
Sa'idu mai walda.